Goyon da Nagode Ta Ɗauko Daga Fadama

Shekarar da mutanen Tungar Marke suka yi sulhu da mutanen daji, shinkafa ta yi kyau a fadamarsu irin kyan da aka daɗe ba a gani ba. Saƙon da aka kawo wa mai gari shi ne a yanke a kwashe cikin 'yan kwanaki, bayan haka ba wanda ya ɗauki alhakin kowa. Saboda haka gari ya fita kaf, har matan da ba su saba zuwa gona ba. Aka kuma gayyato 'yan ƙodago daga ƙauyukan kewaye, wasu ma ba a san fuskarsu ba.

Nagode matar Falalu na cikin waɗanda suka fita. Tana goyon 'ya mace, Mufida, wadda ko zama ba ta fara ba. Ita ce ta farko da ta tsaya mata, bayan biyu da suka koma. Masu goyo sukan shimfiɗe jariransu a inuwar wata tsamiya a bakin fadama, wata tsohuwa mai suna Hindu tana kore musu ƙuda, su kuma su tafi sheƙa. Zanen goyon Nagode koriyar atamfa ce mai hoton ɗan takara, wadda aka rarraba wa mata lokacin zaɓe. Rabin matan yankin suna da irinta, kuma da yake ba ta da kyan zuwa biki, duk goyo aka mayar da ita.

Da hantsi aka ji ƙugin babura daga gabas. Ba wanda ya gudu da fari, tunda an ce an yi sulhu. Wani ya ce sojoji ne, ga kaki a jikinsu. Wani ya ce a'a, 'yan sa-kai ne suka zo gadi. Ana cikin wannan musu mutumin da ke tsaye kan tarin buhuna ya rikito ƙasa, sannan kunnuwa suka gane ƙarar da suke ji.

Nagode ta yar da ƙwaryar hannunta ta nufi tsamiya. Wasu matan sun riga ta, ana ta ture juna, Hindu na zaune ta ɗaga hannuwa tana salati. Nagode ta hangi koren zane daidai gurbin da ta san ta ajiye, ta sunkuce, ta wurga a baya, ta ɗaure, ta faɗa cikin gonar dawa. Ganye na yankar fuskarta, goyo na kuka, tana jijjiga shi tana cewa Mufida yi shiru, Mufida kar su ji mu. Ba ta san inda ta dosa ba, bayan mutane kawai take bi. Da la'asar ta ga kanta a Damri, cikin makarantar firamare, tsakanin mutanen da ba ta san lokacin da suka taru ba.

Sai da aka ba ta ruwa ta sha sannan ta kwance goyon. Kai ta fara gani. Mufida gashi gare ta baƙi sidik, wannan kuwa an aske shi tas, an bar ɗan tukku a tsakiya. Ta buɗe zanen ta duba. Ta rufe. Ta mayar da shi baya ta ɗaure, ta miƙe tsaye, ta sake zama, ta sake kwancewa, ta sake dubawa. Wata dattijuwa da ke gefenta ta tambaye ta ko lafiya.

"Inna, duba mini wanga yaro. Namiji na ko mace?"

"Namiji na mana. Ke ba ki san abin da kinka haifa ba?"

"Ni ɗiya mace na haifa."

Dattijuwar ta dube ta, ta dubi yaron.

Nagode ta tashi ta kama hanyar da ta biyo. A bakin gari maza suka tare ta, suka ce ko namiji ba ya komawa yau. Ta yi musu bayani, amma bayanin bai fito daidai ba, wasu suka ɗauka ɗanta ne ya mutu a baya, wasu suka ɗauka ta zautu. Ta dawo makaranta ta bi ajujuwa ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga yaron sama, tana tambayar na wane ne. Matan da suka rasa nasu suka taso da gudu, kowacce ta leƙa ta koma. Ba wadda ta san shi, ba kuma wadda ta ga wanda ya ɗauki Mufida.

Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Nononta kuwa ya cika yana zuba a riga. Ta daɗe tana kallonsa, tana jin kamar idan ta ba shi ta ci amanar wani, ba ta dai san ko wane ne ba. Daga ƙarshe ta juya ta fuskanci bango ta ba shi. Ya kama kamar dama ya san ta.

Washegari aka fara raɗe-raɗin Damri ma ba za ta tsira ba. Wata motar ɗaukar albasa ta kwashe su zuwa Bakura, can aka ce ba wuri, aka wuce da su Talata Mafara. Nagode ta san Falalu na da baffa a garin, Hamidu mai albasa, sai ta yi ta tambaya a kasuwa har aka kai ta gidansa. Ya ba ta ɗan ɗakin da yake ajiye buhuna. Da ya ga yaro a bayanta ya yi mata barka, ya ce shi da aka ce masa mace ce. Ta rasa ta inda za ta fara.

Falalu ya iso bayan kwana kaɗan, da rai, da ƙafa a kumbure. Yana cikin waɗanda suka koma da rakiya aka binne gawarwaki. Ya ce sun sami Hindu a gindin tsamiya, sun binne ta. Amma jarirai babu ko ɗaya a wurin, ba mai rai ba gawa. An kwashe shinkafa, an ƙone rumbuna, an kora mata da yawa daji. Ya tsaya a bakin ɗaki yana kallon yaron da ke cinyar matarsa.

"To, wanga na wa?"

"Ban sani ba, Malam."

"Ina kinka samo shi?"

"Inda na aje Mufida."

Ya zauna a dokin ƙofa. Bai yi mata faɗa ba, ita kuwa da ya yi da ta fi jin sauƙi.

Wa ya kawo harin ma, ba a taɓa tsayawa kan magana ɗaya ba. A zauren Baffa Hamidu kullum ana zancen. Wasu suka ce waɗanda aka yi sulhun da su ne suka warware. Wasu suka ce wata ƙungiya ce dabam da ba a sa ta cikin rabon ba. Wasu suka ce ramuwa ce, saboda abin da 'yan sa-kai suka yi a wata ruga kafin damina. Wani ya rantse ya ga ɗan garinsu a bayan babur. A rediyo, 'yan wannan jam'iyya suka ce aikin waccan ne, 'yan waccan suka ce ƙarya ce, yankin lafiya lau yake, manoma na girbi. Nagode takan ji su ta bayan katanga, ta rasa ko garinsu ake nufi ko wani gari mai irin sunan.

Maƙwabciyarsu Tabita ce ta fara shigo mata. Mutuniyar ƙasar Zuru ce, Kirista, mijinta Elijah na aikin magudanun noman rani, ita kuma tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Unguwa duk Maman Lucy ake ce mata. Ta kawo tsofaffin kayan jarirai da sabulu, ta zauna kan buhu ta saurari labarin tun daga farko ba ta katse ba. Sannan ta ce ita ma ta taɓa fita daga wani gari da zanen jikinta kawai, shekarar da aka ƙone layinsu bayan zaɓe, kuma har yau ba ta san hannun da ya cinna wutar ba. Ta ɗauki hoton yaron a wayarta, ta ce za ta tura wa matan cocinsu da abokan aikin Elijah da ke Bakura da Maradun.

"Ita kuma taki, ƙanwata, yaya kamanninta? In rubuta a ƙarƙashi."

Nagode ta buɗe baki. Ta ce tana da gashi. Ta ce tana da ido manya. Ta ce idan za ta yi kuka sai ta fara turo baki. Tabita ta tambaya ko akwai tabo, ko tawadar Allah, ko zare a hannu. Babu. Ba a yi mata tsaga ba, ba a kai ga huda kunne ba, ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Nagode ta rufe ido don ta hango fuskar, sai fuskar yaron nan take gani. Abin ya ba ta tsoro fiye da ƙarar bindiga.

Ba a daɗe ba matan gida suka fara ƙus-ƙus. Yaron fari ne, hancinsa dogo, ga tukku. Wata ta tuna ranar an ga masu tallar nono a bakin fadama. Wata ta ce ai Hausawa ma na barin tukku. Maganar ta kai zaure. Baffa Hamidu ya kira Falalu ya ce shi ba ya ƙin maraya, amma zamanin ya lalace, in 'yan sa-kai suka ji ana renon ɗan ruga a gidansa bai san abin da zai ce musu ba, in kuma dangin yaron na daji suka ji, nan ma bai sani ba. A kai shi ga hukuma.

Suka kai shi. A ofishin farko aka ce ba nan ba ne. A na biyu wani mutum mai kirki ya ce su ba su da wurin ajiye jariri mai shan nono, su riƙe shi tukuna, za a neme su. Ya tambayi sunan yaron, suka dubi juna. A hanyar dawowa suka biya wurin limamin unguwa. Ya ce yaro ba ya zama ba suna, a kira shi Kamilu har iyayensa su bayyana. Ya kuma ce tunda ya sha nononta ya ƙoshi ba sau ɗaya ba, ya zama ɗanta na shayarwa, ɗan'uwan Mufida ne ko ɗan wane ne shi. Falalu ya tambaya ko da ɗan waɗanda suka kashe Hindu ne. Liman ya ce ko da. Suka koma gida. Falalu bai taɓa ɗaukar yaron ba, amma bai sake zancen hukuma ba.

Sanyi ya shiga ya fara fita. Falalu ya sami dako a kasuwar Talata. Wata safiya Tabita ta shigo da hannu duk ƙullu, ta ce an kira Elijah daga Maradun. Akwai wata mata cikin 'yan gudun hijira da ke riƙe da jaririya ba tata ba, kuma daga wajen fadamarsu ta fito.

Hanyar Maradun ba a bin ta sai rana ta ɗaga, motoci su taru su tafi a jere. Nagode ta zauna a tsakiyar mota da Kamilu a cinya, Falalu na gefenta, duk kwanar da aka sha sai direba ya rage waƙa mutane su yi tsit. Ba ta ji tsoron hanyar ba. Tana ta shirya yadda za ta yi idan ta ga Mufida, ko ta fara ɗaukar ta ko ta fara gode wa matar.

Suka sami matar a wani kangon gida da aka rufa wa leda. Sunanta Taibatu, ta manyanta, ta daɗe da daina haihuwa. Bayan doguwar gaisuwa da jajanta wa juna, ta ce ita 'yar ƙodago ce, ranar ce zuwanta na farko fadamar. Ba a gindin tsamiya ta tsinci yarinyar ba. Cikin dawa ta gan ta, a gefen hanya, nannaɗe da koren zane, kamar wata ce ta ɗauko ta faɗo mata, ko ta ajiye. Da kunu da nonon akuya ta rene ta. Ta leƙa Kamilu ta ce ba ta san shi ba. Sannan ta shiga ta fito da yarinyar.

Nagode ta karɓa. Yarinyar ta rame, wuya duk ƙashi, an aske kan saboda ƙuraje. Ta fara zama, har haƙori ya tsago. Idanun manya ne, amma duk yaron da ya rame idonsa manya ne. Nagode ta juya ta, ta duba tafin ƙafa, ta duba bayan kunne, ta shinshina wuya. Warin hayaƙi da akuya kawai ta ji. Ta kira Mufida. Yarinyar ta waiga wajen Taibatu ta miƙa hannu.

"Ita ta," in ji Falalu. "Dubi goshin. Goshin innata na."

"Ka tabbata, Malam?"

"Ke za ni tambaya. Ke kinka haife ta."

Nagode ta so ta ce ita ce, ta so ƙwarai. Ta jira zuciyarta ta buga irin bugun da ake cewa uwa na ji, zuciyar ta buga, amma ba ta san ko don ɗiyarta ba ne ko don tsoro. Taibatu ta ce gaskiya wata mata ta taɓa zuwa, ita ma ta daɗe tana dubawa haka, ta yi kuka ta tafi ba ta ce eh ko a'a ba, kuma ba ta dawo ba. Ta ce ita ƙarfinta ya ƙare, akuyar ma an sayar, yarinya nono take so. Nagode ta zauna ta ba ta. Yarinyar ta kau da kai, ta turo baki ta yi kuka, can yunwa ta ci ƙarfinta ta kama. Falalu ya ce shi ke nan, magana ta ƙare. Nagode ta tuna Kamilu ma haka ya kama, ba ta dai faɗa ba.

Mai unguwar wurin ya tara shaidu, aka yi addu'a, aka ba su yarinyar. Taibatu ta raka su har tasha tana share ido da bakin mayafi. Suka dawo Talata Mafara, ɗaya a baya ɗaya a cinya. Gidan Baffa Hamidu aka yi ta barka, aka dafa shinkafa da wake. Matan gida kowacce ta ce ai kamar an tsaga kara da Falalu, har waɗanda ba su taɓa ganin Mufida ba. Tabita ce kaɗai ta dubi fuskar Nagode ta tambaye ta a hankali ko lafiya. Nagode ta ce lafiya, gajiyar mota ce.

Yarinyar ta murmure, gashi ya tsiro. Wata rana Nagode ta dube ta ta ga Mufida sak, har ta yi hamdala a fili. Wata ranar kuma ta ga baƙuwa.

Ana gab da saukar ruwa wata mata ta yi sallama da azahar. Matashiya ce, siririya, ƙafafunta duk faso. Ta ce daga daji aka sako su kwanan nan, a fadamar Tungar Marke aka kama ta, kuma an ce mata akwai jaririn tsintuwa a gidan nan. Nagode ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa. Ta ɗauko Kamilu, wanda ya fara rarrafe, ta ajiye mata a gaba. Sai a lokacin ta gane ba ta son a tafi da shi.

Matar ta dube shi, ta shafa kansa.

"Allah shi raya. Tawa mace ta."

Nagode ba ta motsa ba. Yarinyar na zaune a bakin ɗaki tana buga murfin kwano, matar kuwa ta riga ta gan ta. Zai yiwu a ce wannan tawa ce, kowa a gidan zai shaida. Nagode ta tashi ta ɗauko ta, ta ɗora mata a cinya.

"Wagga a Maradun munka samo ta. Mun ce tamu ta. Ki duba."

Matar ta duba tafin ƙafa. Ta duba bayan kunne. Ta sa hanci a wuyan yarinyar ta daɗe a haka. Ta kira wani suna a hankali, yarinyar ta ci gaba da wasa da murfinta. Nagode ta kira Mufida, ta waigo, amma ai watanni ke nan ana kiran ta haka. Matar ta ce tata ko wata uku ba ta cika ba ranar, kuma a daji ta yi ciwon da ya sa abubuwa da yawa suka ɓace mata. Ta ce ba ta sani ba. Nagode ta ce ita ma haka.

Yaran suka yi ta rarrafe tsakaninsu. Nagode ta zubo tuwo suka ci a kwano ɗaya. Da la'asar matar ta tashi, ta ce an ba ta labarin wata yarinya a Bakura, za ta je ta gani, in ba ta dace ba wataƙila ta dawo. Nagode ta ce gidan a buɗe yake, ta raka ta har bakin titi, ta tsaya sai da ta shiga mota.

Ba ta dawo ba, ba a kuma ji labarinta ba. Da Falalu ya ji abin da ya faru ya yi fushi, ya ce me ya sa ta nuna mata, ya yini biyu ba ya yi mata magana. Tungar Marke ba ta sake zaunuwa ba, damina ta faɗi ba wanda ya je shuka. Suka kama ɗaki a bayan kasuwa, Nagode ta fara taya Tabita suya ana ba ta na cefane. Masu sayen ƙosai sukan ga yaran biyu a tabarma su tambaya ko tagwaye ne. Da fari takan tsaya ta yi bayani tun daga sheƙar shinkafa, har ƙosai ya ƙone a kasko. Daga baya ta koma cewa eh, ta miƙa musu ƙunshinsu.